Kauɗata Ba Abincin Awaki Ba Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa da masu sauraro. Don Allah ka karanta wasiƙar nan yadda take, kada ka rage mata zafi.

Ni tela ne a Birnin Kudu, ina haya ni kaɗai. Duk mako Innata kan aiko mini kwandon kayan miya daga lambunmu na Dingaya, da hannunta take tsinka, ga ciwon gwiwa. Gwauro ba ya cinye kwando, shi ya sa nake yanyanka ragowar tumatir da kuɓewa in shanya.

Ranar Talata na baza su a tabarma na tafi shago. Na dawo na tarar da awakin mai gidan da nake haya suna lasar tabarmar. Shi ya kwance su da gangan. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ɗana, taimakonka na yi. Namiji da shanyar kauɗa? Wa zai ba ka 'yarsa?"

Na ce, "Baba Alhaji, miyar kuɓewar da ka aiko aka ɗebo maka daga tukunyata rannan, mace ce ta dafa?"

Yanzu wai na yi masa rashin kunya, in ba shi haƙuri gaban mutane ko in bar masa ɗakinsa.

Jama'a, ku ba ni shawara. Sa'an ubana ne, kuma ɗaki yana wuyar samu. Amma shi ya yi ɓarnar, ko sannu bai ce ba. Wa ya kamata ya fara durƙusawa?

Ina gaida abokaina teloli.

Naku, Sagiru.