Matar da Ba Ta Yarda da Sikeli Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban asibiti, manyan likitoci, malamanmu da suka jagoranci addu'a, Inna mahaifiyar marigayiya, maigidanta da 'ya'yanta uku, 'yan'uwana ma'aikatan jinya da sauran jama'a, sannunku da zuwa, sannunmu da wannan rashi.

An ce ni zan yi magana a madadin ma'aikatan ɗakin kulawa ta musamman, don na fi kowa daɗewa da ita. Shekara goma sha huɗu ina shugabar masu jinya, ita tana jami'ar abincin marasa lafiya. Anti Tef muke ce mata, saboda tef ɗin awo da ba ya barin wuyanta. Sabbin ma'aikata sukan zaci tela ce ta yi ɓatan hanya.

Ta kasance mai duba inda sauranmu ba ma dubawa. Mu idonmu na kan na'urori: bugun zuciya, hawan jini, injin numfashi. Ita kuwa sai ta ɗaga bargo ta auna damtse, ta ɗora na'urar hoto a cinya ta ga kaurin tsoka. Wanda ya farfaɗo ta ce masa, "Baba, matse hannuna da iyakar ƙarfinka." Sannan ta rubuta.

Ta kasance mai faɗin gaskiya ko a gaban waye. Na tuna wani direban babbar mota da aka kawo mana bayan hatsari. A kwana na goma sikelin gado ya nuna ya ƙaru da kilo huɗu, muna ta murna. Ta shigo ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

Ta ce wa babban likita, "Ranka ya daɗe, wannan ruwa ne. Mutumin nan narkewa yake yi a gabanmu. Cinyarsa ta zube. Kwana uku ke nan kullum ana tsayar da abincinsa don za a kai shi hoto, ba a kai shi ba, ba a mayar da abincin ba."

Likita ya ce, "Bari mu ceci ransa tukuna."

Ta ce, "In kun ceto shi, da wane ƙarfi zai yi numfashi in kun cire injin?"

Ranar aka mayar masa da abinci ta robar hanci, aka ƙara masa sinadarin gina jiki, aka kira masu gashin ƙashi suna motsa masa gaɓɓai. Direban nan yana cikinmu yau, ga shi can a layi na uku. Da ƙafarsa ya zo.

Ta kasance mai kuka a ɓoye. Ba duk wanda ta auna ne ya tashi ba. Na sha samunta a ɗakin ajiyar magani ta juya baya tana share ido, in na yi magana ta ce, "Sista, ki bar ni minti biyu."

Sai ga shi wata biyu da suka wuce an yi mata aiki a ciki, ƙwayar cuta ta shiga jininta, aka kwantar mana da ita a gado na huɗu. Kwana ashirin da uku. Mu da ta koya wa awo, mu muka riƙa auna ta, muna ganin lamba tana sauka. Matar da ke hawa bene da gudu ta koma ba ta iya ɗaga kanta daga matashi.

A kwana na goma sha bakwai ta farfaɗo. Roba na maƙogwaronta, ba ta iya magana, ta yi alamar a ba ta biro. Na zaci 'ya'yanta za ta tambaya. Da ƙyar ta rubuta, rubutun duk a karkace: "Gado shida. Abincinsa a tsaye tun safe." Muka duba, haka ne. Wannan ne rubutunta na ƙarshe.

Maigida, ranar da muka rufe mata ido ka tare ni a baranda ka ce, "Sista, ki gaya min don Allah, yunwa ce ta ramar da ita haka?" Na kasa ba ka amsa. Yau zan ba ka a gaban jama'a. Wallahi ba yunwa ba ce. Ba a taɓa tsallake mata abinci ba. Ciwo in ya yi tsanani yakan cinye naman jiki ko ana ciyar da mutum, ita ta koya mana haka. Babu sakacinka a ciki, ka sauke wannan nauyin daga zuciyarka.

Inna, ke kika haifa, ke kika rasa, ba mu da kalmar da za ta isa. Yara, duk ranar da kuke son jin labarin mamanku, ku zo ku same mu.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata kabarinta, Ya karɓi jinyarta a matsayin kankarar zunubi. Allah Ya ba iyalinta haƙuri, mu kuma da za mu koma ɗakin nan gobe da safe ba ita, Allah Ya ba mu ƙarfin shiga. Amin.