Ranar da Na Faɗi a Gaban Ikkilisiya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ce Rifkatu, matar marigayi Baba Iliya, wanda ya bi da ku waƙa a majami'ar nan ta Gumel har muryarsa ta tsufa.

Bayan rasuwarsa komai ya fita raina. Abinci ba ya shiga, magana ma nauyi take yi mini. 'Yata Saratu ta zo daga Gagarawa ta kai ni asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ni ƙwayoyi.

Na fara sha, amma sai bakina ya riƙa bushewa, harshe ya yi nauyi. In na miƙe, jiri ya ɗebe ni. Hannuna na rawa, ga gyangyaɗi da rana tsaka. Ban faɗa wa kowa ba, na ɗauka haka tsufa yake.

Wata Lahadi na tashi kai baiko, wato sadakar majami'a, sai na yi tangaɗi na zube a gabanku. Wuyan hannuna ya karye. Ina son in yi bayani, magana ta ƙi fita daidai. Daga baya labari ya iso mini cewa wai tun da mijina ya mutu na koma shan burkutu.

'Yan'uwa, wannan ya fi karayar ciwo. Ni da ban taɓa kai shi bakina ba! Na daina zuwa sujada.

Wata safiya na kasa durƙusawa, sai na yi addu'a daga zaune. Na ce, "Ubangiji, ka karɓi mijina, ban yi maka gardama ba. Kada ka bari in bi shi da wannan sunan."

Ranar nan maƙwabciyata Hajiya Binta ta shigo gaishe ni. Ta ga yadda nake dafa bango, ta tambayi yaushe abin ya fara. Muka lissafa, ashe tun da na soma maganin ne. Ita ta tare adaidaita-sahu ta mai da ni asibiti.

Likita ya ce jikin tsoho ba ya ɗaukar magani kamar na yaro, kuma da na dawo da wuri da ban faɗi ba. Ya hana ni yankewa lokaci guda. Ya rage shi sannu a hankali, sannan ya sauya mini wani.

Jirin ya tafi. Ina ci, ina barci. Hannun dai bai koma daidai ba, ko tuwo ba na iya tuƙawa, kuma har yau ina kukan Baba Iliya. Amma ga ni tsaye da ƙafafuna, na gode wa Yesu!

Ku dogara gare shi, kada ku ɓoye wa likita abin da kuke ji. In kuma kun ga tsoho na tangaɗi, ku fara riƙe shi tukuna. Amin.