Burodin Najiba

A tashar Badaguishiri, ana jiran motar Konni, Saude tana gutsura wa ɗiyarta Najiba burodi. Wata tsohuwa da ke gefe ta tanka.

"Lopital za ku, wajen likita? Ai yarinyar lahiya lau take."

"Haka yayarta ta faro, Inna. Sai zawo, sai rama. Ko da aka gano alkama ce ke cin hanjinta, lokaci ya ƙure."

"Subhanallahi! Kuma kina ba wannan burodi?"

"Likita ya ce in ba ta ci ba, gwajin jini ba ya nuna cutar. Sati shida ke nan."

"Ni kam ba ni iyawa."

"Ni ma ba da son raina ba ne, Inna. Amma wannan karon, kafin ta kwanta zan sani."

Ta miƙa wani gutsure. "Ci, Najiba."