Yadda Na Zama Dafa-Latas

Shin a cikinku akwai wanda ya taɓa tambaya me ya sa tsofaffin garinmu Fammar ba sa kirana Idi, sai Dafa-Latas? Na san kuna faɗa a bayan idona, har wani ƙanena ya rubuta da gawayi a bangon zaurenmu. To tunda na gama makarantar aikin gona na dawo gida, kuma akwai abin da nake so mu yi tare, gara ku ji labarin daga bakin mai shi.

Ana saura shekara guda mu sami mulkin kai na gama makarantar midil, ina zaune ina jiran kiran aiki. An cire gyaɗa, an shigar da dawa rumbu, samari duk sun ɗaure kaya za su cin rani. Gwaggo Asabe, ƙanwar babana wadda ta rene ni, ta ja akuyarta tilo zuwa kasuwar Rano ta sayar, ta cusa mini kuɗin a lalita, ta ɗora mini ƙunshin ƙuli-ƙuli wanda ya kusa kai girman kaina.

"Wancan na mota, wannan na ciki," in ji ta. "In ka isa Jos ka nemi Mati. Kada ka ba shi kunya."

Baba Mati mutumin Zinyau ne, maƙwabtanmu, ya tsufa a aikin kuku. Da can gidajen Turawan kuza ya yi, a lokacin kuwa yana dafa wa wata mata 'yar Ikko mai gidan abinci, inda akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa ke ci. Madam ake ce mata, ban taɓa jin sunanta na yanka ba.

A saman buhunan albasa na yi tafiyar cikin akori-kura, na sauka ina wari kamar miya. Sanyin Jos kuwa ku bar shi kawai, ruwan alwala ma sai ka yi shawara da zuciyarka kafin ka taɓa. Na sami ɗaki a gidan wani Malam Ɗanjuma, mu huɗu a ciki, ban yi mako ba muka haɗu da shi.

"Kai, ɗan Rano! Me ka ɓoye a ɗakin nan? Ɓerayen unguwa duk sun tare a gidana."

"Ƙuli ne, Malam."

"Ƙuli! To ko ka cinye, ko ka biya wa ɓerayen haya."

Sai na kwashe ƙulin na kai ɗakin girkin Madam, inda Baba Mati ya samo mini aiki, na rataye a bayan ƙofa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar da Baba Mati ya kai ni gabanta, Madam ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Hausarta mai karkata, "Yaro ta iya aiki?" Ya ce ya tsaya mini. Ta ce to, in na yi ɓarna, ni da shi ƙofa ɗaya za mu bi. Ya amsa da "yassa", don a wurinsa mace da namiji duk yassa ne. Ɗakin ajiyar kaya fantiri yake ce masa, mai kai abinci tebur kuma situda. Ni da na yi midil ina gyara masa, yana ce mini, "Ci gaba da Turanci, tukwane na jiranka."

Aikina faskare, ɗiban ruwa da wanke-wanke. Sai dai tun zuwana nake jin ana ambaton wani abu wai shi salak, da girmamawa kamar sunan hakimi. Ba abincin kullum ba ne, sai ranar biki. Kirsimeti na matsowa Madam ta tara manyan baƙi, ta tafi da kanta wani lambu a bayan gari ta ciko kwando da wani ganye mai taushi, kore shar, wai latas.

Da safiyar ranar Baba Mati zai karɓo nama, ya ce mini, "Wanke ganyen nan da ruwan gishiri, ka yayyanka, ka rufe." Na wanke, na yanka, na rufe. Sai na tsaya ina tunani, kuma kun san ni da tunani. A gidanmu wa ya taɓa ba baƙo ɗanyen ganye? Zogale dafa shi ake yi. Rama dafa ta ake yi a matse. Tafasa ma, ai sunanta ya faɗa. Na ce tsohon nan aiki ya yi masa yawa, bari in rage masa, ya dawo ya ga ɗan midil ba a banza ya yi karatu ba. Na ɗora babbar tukunya, na juye latas, har da 'yar kanwa kamar yadda Gwaggo ke yi.

Kwando guda ya koma dunƙule ɗaya, baƙi-baƙi, mai santsi.

Baba Mati ya shigo da nama a ka, ya leƙa tukunya, ya yi salati ya zauna a kan turmi.

"Idi, me na yi maka?"

"Baba, na ga ɗanye ne."

"Ɗanye ake ci, ɗan nan! Ɗanye!"

"Mutane?"

Ya cire hularsa yana kallon ƙasa, a nan na tuna yana da iyali a Zinyau da aikin nan ke ciyarwa, kuma wa zai ɗauki tsoho sabon aiki? Na ce zan ruga kasuwa. Ya ce ranar Kirsimeti ko ganye ɗaya ba zan samu ba. Can sai ya mayar da hula ya miƙe.

"Miƙo kabejin can. Yanka shi siriri kamar gashi. In ka kai shi kusa da wuta sai na karya ka."

Muna aiki yana magana, ina jin don ya kwantar da hankalinsa ne. Ya ce salak ɗin Bature ba komai ba ne, 'yan ganye ne da ruwan tsami da ɗigon mai a ɗan faranti, wani ya ci kafin abinci, wani bayan nama. "Bature ya ci ganye ya ce ya gode. Mu kukuna muka ga ba zai riƙe cikin ɗan ƙasa ba. Wannan ya ƙara dafaffen ƙwai, wancan ya buɗe waken gwangwani, wani ya zuba kifin gwangwani, aka malale da farin man nan na kwalba. Da akawunanmu suka fara biki irin na Turawa, namu suka ɗauka, suka ajiye shi gefen shinkafa. Salak ɗin da kake ji, abin da hannu ya samu ne." Haka ya jera shi a babban tire, kabeji a ƙasa, karas, kokwamba, tumatir, wake, ƙwai a sama kamar adon hula.

Baƙi suka ci, aka dawo da tire kamar an wanke. Na fara murna. Sai ga Madam a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Mati! Ina latas nawa?"

Ya buɗe baki zai ɗauki laifin, na riga shi. Na jawo tukunya na nuna mata, na ce ya ce in wanke in rufe, ni na ƙara da dafawa, don a garinmu ba a wulaƙanta baƙo da ɗanyen ganye. Ta dubi tukunya, ta dube ni. Ta so ta yi faɗa, dariya ta ci ƙarfinta har ta dafa bango.

"Kai ta dafa, kai za ta cinye. Duka! Gobe babu kicin. Kai ta kashe latas, kai za ta shuka."

Na matse shi, na sauko da ƙulin Gwaggo daga bayan ƙofa, na daka da barkono da gishiri, na yi kwaɗo. Baba Mati ya ja kujera ya sa hannu. Ya ce bai kai rama ba, amma ya fi kora daɗi.

Sauran ranin a bayan gidan Madam na yi shi, ina renon iri, ina dashe, ina ban ruwa safe da yamma. A nan sha'awar aikin gona ta kama ni. Baba Mati ya ci gaba da aikinsa har ya gaji don kansa, shi ne kuma ya kawo sunan nan gida. Da hadari ya fara haɗuwa na dawo gida da 'yar akuya mai ciki, da irin latas a gwangwanin madara. Farkon da na shuka na kai wa Gwaggo ɗanye, ta ce, "Akuyar ka kawo wa, ko ni?" Sai da na barbaɗa ƙuli, na zuba man gyaɗa da albasa da tumatir, sannan ta ci, ta ce a ƙaro.

Yanzu ga abin da ke raina. Fadamar da ke bayan garinmu tana kwance duk rani, mu kuma muna can muna wanke tukwanen wasu. Kano na cike da ma'aikata masu neman latas da kabeji, mota kuma na tashi daga Rano. Na samo iri, mai unguwa ya ba mu wuri. Ran Asabar da hantsi ku same ni a can, 'yan Fammar da Dawaki da Zinyau, kowa da fartanyarsa da gwangwanin ban ruwa. Wanda gidansu ake ƙuli ya taho da shi. Tukunya kuwa, kada wanda ya zo da ita.