Gaisuwar Juma'a Ta Sa An Rufe Mini Imel

Sallama gare ka mai gabatarwa, sannu da aiki. Sabo ne daga Ƙofar Wambai.

Tun da na yi ritaya, duk Juma'a nakan tura gaisuwa ɗaya ta imel ga tsofaffin abokan aikina. Kwatsam kamfanin imel ɗin ya rufe mini shi, wai na yi kama da 'yan damfara. Gaisuwar ce laifi?

Sauran muna haɗuwa a gari. Istifanus nake kewa, wanda 'yarsa ta tafi da shi ƙasar waje. Ba ni da lambarsa, adireshinsa kuma yana can cikin imel ɗin. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Sabo, ina nan da rai."

'Yan'uwansa na Fadaman Mada, in kuna saurare, ku gaya masa ni ma ina nan.