Famfon da Wendell Ya Ɗora a Sama

Kafin gaisuwa, ga gargaɗi. Duk wanda ya zo don ya ji na ce Wendell ya mutu yana yin abin da yake so, ya ajiye kofinsa ya fita. Wanda jawabin nan zai iske a rubuce daga baya, har da shi nake.

Fasto Lindqvist, Mista Haugen shugaban ƙungiyar masu haɗa jirgin sama a gida, Joleen matar ɗana, Curtis ƙanensa, da ku da kuka tura jiragenku waje aka jera kujeru a rumfar nan, ina gaishe ku. Ni ce Ardith, uwar Wendell.

Ya kasance mai soya mana fanke a nan ranar Asabar, yana ƙona rabi, muna ci. Ya kasance idan ƙanƙara ta rufe filin saukar jirgi, shi ke fitowa da tarakta ba tare da an roƙe shi ba. Ya kasance mai taurin kai, amma idan aka dube shi ido da ido aka faɗa masa magana, yana ji. Ni na raine shi, na sani.

Ni ba makanike ba ce. Mai binciken haɗarin ne ya zauna a kicin ɗina ya yi mini bayani. Injin da Wendell ya sa wa jirginsa na mota ne, irin da kuke kira rotari, mai saurin ɗaukar zafi. Wuri ya yi masa kaɗan a cikin murfin injin, sai ya ɗora famfon ruwan sanyaya shi can sama da tankin ruwan. Iska kuwa a sama take taruwa. Da jirgi ya ɗaga hanci yana hawa, famfo ya kama iska, ya yi ta juyawa a banza, ruwa bai zaga ba. Injin ya tsaya a saman gonar alkama. Bai kai filin ba.

Kun gani. A watan Mayu ya buɗe murfin a nan, ina zuba muku kofi. Mista Haugen ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce, "Kai Farfesa, famfon nan naka zai riga ka isa sama."

Wendell ya ce, "Tsoho, kai naka jirgin ai kaji sun fara ƙwai a ciki."

Aka yi dariya. Mista Haugen ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, jirginka ne."

Tun bayan jana'iza kuke zuwa mini da kwanon abinci, kowa ya tsaya bakin ƙofa ya ce shi ma ya lura. Ina karɓa, ina wankewa, ina mayarwa. Ban yi kuka ba tukuna. An ce zai zo.

"Jirginka ne." Mu a nan ladabi muke kiran wannan. Da shi muka taso, ba ma shiga sha'anin mutum. Joleen, 'yata, ladabinmu ne ya maishe ki gwauruwa.

Curtis yana da irin wannan injin a babban rumbun gonarmu, yayansa ne ya haɗa masa, shi ma famfon yana can sama. Curtis ya ce zai ƙarasa haɗa nasa jirgin. Babba ne, ba zan iya ɗaure shi ba. Mista Haugen, ranar Asabar ka zo ka duba, ka bar barkwancinka a mota.

Na gode da zuwanku. Ubangiji ya ba Wendell hutawa, ya riƙe Joleen, ya buɗe mana baki.

Daga yau, duk wanda ya shiga rumbun can nawa, ba zai zauna teburina ba sai ya dubi Curtis ya faɗi abin da ya gani, ba cikin wasa ba. Wanda kuma ya ce "jirginka ne" a gidana, ya ɗauki hularsa.