Kada Ku Doki Ɗana da Jitar Mahaifina

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar mazauna unguwarmu. Mai girma liman da na'ibinsa. Shugabar wannan makaranta da ta ba mu aron ɗakin taro. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. 'Yan kasuwa da ma'aikata. 'Yan'uwana mata da ke zaune ta wajen taga. Da ku samarin da kuka jeru a bayan ɗaki kun harɗe hannuwa kamar masu jiran hukunci, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ina godiya ga sakatare da ya taka har gida ya gayyace ni, ina kuma godiya ga waɗanda suka riga ni magana, ko da yake, Allah Ya sani, tun da suka fara nake ta gyara zama a kan bencin nan kamar wadda ta zauna a kan ƙaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce ungozomar da ta yi ritaya daga asibitin unguwa. Rabin samarin can na baya a hannuna suka faɗo duniya, kuma kukansu na farko, ku yarda da ni, ya fi wasu waƙoƙinsu daɗi. Amma ba don aikina aka gayyace ni ba. An gayyace ni ne don ni 'yar marigayi Mai Jita ce, wanda aka ambaci sunansa yau har na daina ƙirgawa. Abin da ke gabanmu shi ne a sa mai gida ya rufe ɗakin da ke saman kemis, inda yara ke naɗar waƙoƙi, kuma an so in tashi in ce mahaifina da tsararsa su ne mawaƙa, na yanzu kuwa shirme. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: autana yana cikin masu wannan ɗaki. Don haka ku auna maganata da wannan ma'auni. Abubuwa uku zan faɗa.

Na farko, an tambaya ko waƙoƙin yanzu akwai marasa daɗi. Akwai su, kuma babu wanda zai koya mini wannan, domin bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Auta. Na ji muryar yaron da na haifa, murya mai kyau da ya gada, an zuba ta cikin na'ura ta fito kamar ɗan akuya ya faɗa cikin tukunyar ƙarfe. Na ji baiti ɗaya ana maimaita shi tun ina wanke-wanke har na gama shanya. Rannan na tsaya bakin ƙofarsa na tambaye shi wace mota ce wannan da yake cewa ya saya, ina aka ajiye ta, tunda keken da yake hawa ma na ɗan maƙwabta ne. Sai ya ce mini wai salo ne. Salo! Na ce to salon nan ya zo ya kai ni kasuwa. Akwai kuma kalmomin da idan jikokina na kusa sai in tashi in rufe taga. Ku samarin baya, na ga kuna murmushi. Ku adana shi, ban iso kanku ba tukuna.

Na biyu, kuma a nan ne raina ya ɓaci. Mai kemis ya ce waƙar Mai Jita makaranta ce. Tsohon shugaban ma'aikata ya ce a zamaninsu mawaƙi mutum ne mai daraja. Ranka ya daɗe, ina ne wannan zamanin? A wane gari aka yi shi? Domin ni a gidan mawaƙin na tashi, ban ga darajar nan ta leƙo ko zaurenmu ba.

Abin da na gani shi ne mahaifina yana naɗe jitarsa cikin tsohon bargo kafin ya fita, don kada a gane abin da ya ɗauko. Da rana gyaran agogo yake yi a gindin wata baranda, da yamma ya yi waƙa a gidan silima kafin a fara fim. Abin da na gani shi ne mai gidan hayarmu ya zo da safe, mahaifiyata na tsaka da yi wa ƙanena wanka, ya ce mu nemi wani wuri, maƙwabta sun ce kiɗa na lalata musu yara. Kalmomin da na ji yau, su ne na ji a ranar, ko wasali ba a canza ba. Muka ɗora katifa da tukwane a kan kura, Baba na tafe a baya rungume da bargonsa, mutane na leƙe ta tagogi. Abin da na gani shi ne yayata, wadda ta yi shekaru tana son wani malamin makaranta shi ma yana son ta, dangin yaron suka aiko cewa ba za su haɗa jini da gidan kiɗa ba. Ta auri wani daga baya, ta yi zamanta lafiya, amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara yarda an kunna waƙar Baba a gabanta ba. Ranar da shi kansa ya rasu, waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba. Yau ga ɗaki cike da masoyansa. Ina kuke a lokacin? Na dai san inda wasunku suke lokacin da yake waƙa: a kan katangar silima, kun haura ba tikiti, iyayenku na jiran ku a gida da bulala. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sannan ku da kuke cewa duk waƙoƙinsa hikima ne, guda nawa kuka sani? Uku ne rediyo ke maimaitawa, su kuka haddace. Ni na ji sauran. Akwai wadda ya yi wa wata mai sayar da lemo, yana kwatanta tafiyarta, wadda idan ya fara ta mahaifiyata sai ta shige kicin ta hau buga tukwane don kada mu ji. Akwai wadda ba komai cikinta sai sunayen tashoshin mota. Akwai wadda shi da bakinsa ya ce yunwa ce ta rubuta ta, ba shi ba. Zamani rariya ne, jama'a. Na da an tankaɗe, tsakin ya zube, garin ya iso gare ku. Na yanzu kuwa ba a tankaɗe ba tukuna, kuna tauna shi da tsakuwarsa. Wanda ya gwada tankaɗaɗɗe da wanda ba a tankaɗe ba, ya ce alƙalanci ya yi, to bai yi adalci ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani a wurin aiki, domin gani ya kori ji. An taɓa kwantar da wani dattijo a asibitinmu, mutum mai kamala, wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Ma'aikata sun yi ƙaranci, aka tura ni ɗakinsu in taimaka. 'Ya'yansa na kewaye da shi, suna ta kiran Baba, Baba, ko uffan. Ina gyara masa matashi ina ɗan gunguni da hanci, ban ma san me nake rerawa ba, sai na ga leɓɓansa na motsi. Sai ga murya. Mutumin da ya yi makonni bai ce ruwa ba, ya kama waƙa tiryan-tiryan. Kun san wace waƙa? Ta mai lemo. Babbar 'yarsa ta rasa inda za ta sa fuskarta, tana kuka tana dariya, tana cewa, “Baba, a ina ka san wannan?” Ba waƙar hikimar ce ta zauna masa ba. Wadda ya ji yana saurayi, zuciyarsa na tsalle, ita ce ta zauna.

Shekarata ta ƙarshe a aiki kuma, wata yarinya mai haihuwar fari ta sha wuya ƙwarai. Tsakanin naƙuda da naƙuda, bayan ta yi addu'o'inta, sai ta riƙa rera wata waƙar zamani, irin mai baiti ɗaya ɗin nan da nake rufe wa taga. Na ce mata 'yar nan, wannan shirmen fa? Ta ce da ita mijinta ke tsokanar ta idan ta yi fushi, yanzu yana can wurin aiki a nesa, idan ta rera sai ta ji kamar yana bakin ƙofa. Na kama hannunta muka rera tare, ni da furfurata, har yaron ya iso. Ni dai tun daga ranar na daina rantsuwa a kan wace waƙa ce za ta yi rai, wace ce za ta mutu. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba; amma sau da yawa ba waƙar bara muke kewa ba, ƙafafunmu na bara muke kewa.

Na uku, mu bar zancen wane zamani ya fi, mu faɗi abin da ke damun mu da sunansa. Ƙara tana hana marasa lafiya da masu jarirai hutawa, gaskiya ne. Babura suna tare layi, mai kemis ya rasa ta inda masu saye za su shigo, gaskiya ne. Akwai kalmomin da ba su dace da kunnen yara ba, gaskiya ne. To wanne ne cikin waɗannan ba shi da magani sai kwaɗo? A sa musu lokacin buɗewa da na rufewa. Su liƙa soso a bango ya tare ƙara, su ja baburansu bayan gini. Malaman harshe da ke cikinmu, maimakon ku tsaya ƙasa kuna tsaki, ku hau matakalar nan ku zauna da su, ku nuna musu yadda ake ɗaure baiti, yadda ake faɗin magana mai nauyi ba tare da an tsiraita ta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a ce a sare shi ba.

Ku kuma samari, yanzu na iso kanku. Ku sauke hannuwan nan. Mutanen da ke zaune a gaba ba maƙiyanku ba ne, iyayenku ne da barci ya ƙaurace wa. Ku rage ƙara, ku wanke bakinku, ku daina yi wa motocin da ba ku da su kirari. Kuna da uwaye masu tashi da asuba, kuna da abokai da suka gama karatu ba aiki, kuna da unguwa cike da labari. Ku rera wannan mana. Duk wanda na ƙara jin ya zagi 'yar mutane a waƙa, ni da kaina zan hau saman nan, kuma kun san ba na tsoron kowa cikinku, na gan ku tun ba ku da wando.

Ya shugaba, saura magana ɗaya, ba ta cikin ukun. 'Ya'ya biyar na haifa. Huɗu aiki da aure sun kai su nesa, sai murya a waya. Yau da safe na shiga ɗakin Auta neman tsintsiya, na ga jaka a bayan ƙofa, a ɗaure. Na tambaye shi ta mece ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Mama, idan suka rufe, ba abin da ya rage mini a nan sai ke.” Amsar da zan ba shi tana hannuwan da za ku ɗaga nan da ɗan lokaci. Ni nawa hannun ba zai tashi don a rufe ba, kuma ina roƙon ku, kafin kowa ya ɗaga nasa, ya waiwaya baya ya dubi fuskokin can, ya tabbata babu wanda zai yi kewa.

Allah Ya ba shugabanninmu haƙuri da adalci. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a muryoyinsu da sana'o'insu. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, masu waƙa da masu saurare. Allah Ya zaunar da unguwarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sa mu tashi daga nan muna gaisawa.

Na gode.